Harry Belafonte ɗan Afirka ne ko ba ɗan Afirka ba?

Sabi'u Mai Gita: Salamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake. Jiya magabatana suka je nema mini aure, uban yarinya ya ce shi ba zai ba maroƙi 'yarsa ba. Ni tunda nake ban taɓa roƙon kowa ba, waƙa nake yi ana biyana. To Harry Belafonte ma maroƙi ne? Ɗan Afirka, uwarsa na aikatau a gidajen masu hali a New York, ya tashi cikin babu, ya yi waƙa har faifansa Calypso na 1956 ya zama na farko na mawaƙi guda da aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Kuɗin ya zuba su a gwagwarmayar baƙar fata. Da aka kulle Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar, a birnin Birmingham na Amurka a 1963, shi ya tsaya kan kuɗin beli. Waƙa sana'a ce mai daraja, wanda bai yarda ba ya fito ya faɗa.

Malam Habu: Allah ya kawo mafita, Sabi'u. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mutumin nan ba ɗan Afirka ba ne. A unguwar Harlem ta New York aka haife shi ran 1 ga Maris 1927, iyayensa 'yan Jamaika ne. Sunansa na yanka ma Harold George Bellanfanti.

Nura Maraɗi: Malam, su baƙaƙen Jamaika daga sama suka faɗo? Ba daga nan aka kwashe kakanninsu a jirgin ruwa cikin mari ba? Kura ta haihu a gidan sarki, ɗanta kura ne.

Malam Habu: Tunda kakanni ka taɓo, mu ƙirga su. Wadda ta haifi uwarsa farar mace ce mai jinin Sikotlan. Wanda ya haifi ubansa Bayahude ne mai asali da Holan. Biyu cikin huɗu ke nan. Kuma a hannun kaka ya zauna a Jamaika daga 1932 zuwa 1940. Ina Afirka a nan?

Garba Tela: Ashe barbarar yanyawa ake ta yi wa wannan hayaniya.

Hajiya Ladi: Garba, ka janye wannan kalma. Da jikoki ruwa biyu a gidana, kuma ba zan zauna a zauren da ake kiransu haka ba. Da kunya mutum mai furfura ya riƙa magana irin ta 'yan tasha.

Garba Tela: Hajiya, ba da jikokinki nake ba. Hausa ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba.

Hajiya Ladi: Zagi ma Hausa ne.

Nura Maraɗi: Ku bar Garba, ni da Malam Habu nake. Turawan Amurka da suka hana baƙar fata kwana a otal ɗinsu sun tsaya ƙirga masa kakanni? Ko a 1968, da mawaƙiyar Ingila Petula Clark ta dafa masa hannu a talabijin, wakilin kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin cewa ya yi a sake ɗauka. Su sun san ko shi wanene, mu ne za mu kore shi? Dubi abin da ya yi wa nahiyar nan. A 1959 yana cikin waɗanda suka tara kuɗin jirgin ɗaliban Kenya da ɗan siyasar Kenya Tom Mboya ya tura karatu Amurka. A 1964 ya ɗauki nauyin matasan gwagwarmaya suka je Gini wajen shugaban ƙasar, Sekou Toure. A 1985 shi ya tayar da maganar waƙar haɗin gwiwar nan da aka tara wa Habasha kuɗi lokacin yunwa. A 1987 UNICEF ta naɗa shi jakada. Wa ya yi mana rabin wannan cikin masu fasfo ɗin Afirka?

Malam Habu: Alheri daban, asali daban. Bature nawa suka haƙa rijiyoyi a ƙauyukanmu? Sun zama 'yan Afirka?

Nura Maraɗi: Kai dai kullum in ɗan Nijar ya yi magana sai ka nemi inda za ka ƙaryata. Haka ka yi mini ran maganar rufe iyaka.

Malam Habu: Subhanallahi. Me ya kawo Nijar cikin zancen Jamaika? Uwata ma Bagobira ce ta Tibiri, in ba ka sani ba.

Garba Tela: Ni dai na ji an ce ai Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, ya aura, to ko ta nan ya zama surukin Afirka.

Anti Murja: Wa ya gaya maka? Bai aure ta ba. A Landan suka haɗu, ya taimaka mata ta shiga Amurka a 1959, a 1960 gwamnatin wariyar launin fata ta soke mata fasfo har ta kasa zuwa jana'izar mahaifiyarta. Sun yi faifai tare, faifan ya ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 1966. Cikin mazajenta akwai makaɗi Hugh Masekela da ɗan gwagwarmaya Stokely Carmichael, wanda suka koma Gini tare. Belafonte ba ya ciki.

Garba Tela: A rediyo na ji.

Anti Murja: Wace tasha? Amma tunda aure aka taɓo, ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Ya auri Marguerite Byrd a 1948 yana ba kowan kowa ba, ta haifa masa Adrienne da Shari. A 1957, daidai lokacin da duniya ta buɗe masa, suka rabu, a shekarar ya auri Julie Robinson, farar mace. Halin mazan ke nan ko'ina, a sha wuya da ke a ci daɗi da wata.

Nura Maraɗi: Anti, ba ki zauna a gidansu ba. Julie ɗin nan sun fi shekara 40 tare, ta haifa masa David da Gina, kuma da ita aka yi gwagwarmayar.

Hajiya Ladi: Murja ta faɗi gaskiya. Ku maza duk bakinku ɗaya in an zo nan.

Baba Tanko: 'Ya'yana, ni abin da na riƙe game da mutumin nan guda ne. A 1964, bayan an kashe matasa uku masu yi wa baƙar fata rajistar zaɓe a jihar Mississippi, shi da ɗan fim Sidney Poitier suka ɗauki jakar kuɗi da kansu suka kai garin Greenwood cikin dare, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, Turawa masu kashe baƙar fata, na bin motarsu. Mutum yana kan ganiyarsa, da kuɗi, da suna, da 'ya'ya ƙanana, ya kai kansa inda ake kashe irinsa. Har ya rasu ran 25 ga Afrilu 2023 yana da shekara 96 bai daina magana ba. Ku kira shi duk abin da kuka ga dama.

Malam Habu: Baba, ba wanda ya musa jarumtarsa. Kalma ɗaya na gyara.

Alhaji Sani, shugaban zaure: Jama'a, dare ya yi, ga abin da na fahimta. Malam Habu ya kawo hujja da ranaku da sunaye, ba wanda ya iya rushe ta, saboda haka Belafonte Ba'amurke ne ɗan asalin Jamaika. Nura ya yi ƙoƙari, amma zafin rai ya fi yawa a maganarsa, kuma bai kyautu ya sako Nijar ba. Maganar iyayenmu mata kan aure ba ta cikin batu. Garba ya kiyaye harshe. Na rufe.

Nura Maraɗi: Ranka ya daɗe, kowa ya san kai da Malam Habu ajinku ɗaya tun firamare. Kenya da Gini da Habasha da na lissafa ba hujja ba ne?

Hajiya Ladi: Kuma har yanzu Garba bai janye ba.

Sabi'u Mai Gita: Iyayena, ni fa ba a ba ni amsa ba. Yarinyar nan tun jiya kuka take yi, ko abinci ta ƙi ci.

Baba Tanko: Sabi'u, turo mini lambar kawunka ta gefe. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan raka su gidan da kaina.