Baban Auta ya kai 'yarsa wasan mawaƙa, zauren dangi ya ɗau zafi

Baban Auta (Nima): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda maganar ta zaga gidajen dangi har ta dawo kunnena da ƙari, gara ku ji daga bakina. Gaskiya ne, ranar Asabar na kai Auta wasan mawaƙan nan na ƙarshen shekara a nan Accra. Shekarunta 15. Tun kafin jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare na yi mata alkawari in ta ci zan kai ta. Ta ci, na cika. Kuma ina nan a kan bakana: uban da ya kai 'yarsa da kansa, ya tsaya a bayanta, ya dawo da ita gida, ya fi wanda ya ce "ba ki zuwa" ya ja bargo ya kwanta. Mai ja ya fito.

Hajiya Babba (Maamobi): Wa alaikumus salam. Ni ce mai ja. Ƙanena, ko kunya ba ka ji ba? Da furfurarka, cikin 'yan shisha, da 'ya mace har tsakar dare? Mu da muka tashi gida ɗaya, yaushe Baba ya taɓa barinmu mu leƙa ƙofar gida bayan Isha? Ɗana ya fi Auta da shekara biyu, namiji ne ma, ya zo mini da zancen wasan nan na ce kada in sake ji. Na tura shi Madina wurin kawunsa ya yi hutun ƙarshen mako, shi ke nan.

Ɗan Legon: Hajiya, a yi mini afuwa in sa baki. Baba ya hana ku fita, amma duk Sallah a titin Nima ake kafa dandamali, tun zamanin da mawaƙan nan 'yan VIP ke tashe. Wa aka taɓa kullewa a ɗaki ranar? Kuma bikin da aka yi a gidanmu bara, lasifika huɗu aka jera a bakin titi, yara na rawa har sha biyu. Ban ji wanda ya yi magana ba.

Hajiya Babba: Kai yaro, biki daban. A biki kowa ya san ɗan wane ne kai.

Malam (Fadama): Bari in raba maganar gida biyu, don kun cakuɗa ta. Hukuncin kiɗa kansa malamai sun yi saɓani. Mafi yawansu sun tsananta, in ban da ganga irin ta biki, wasu kuma irin su Ibn Hazm da Imam Gazali sun sassauta, shi Gazali da sharuɗɗa. Ba a nan matsalata take ba. Matsalata wurin ne: giya na yawo, maza da mata a cakuɗe, ga kalaman da ke cikin wasu waƙoƙin. Ko masu sassautawar ba su ce a zauna a irin wannan majalisi ba. Alhaji, hadisi ya ce dukkanmu makiyaya ne, kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Makiyayi ba ya kai garke bakin rami ya ce ai ina tsaye.

Baban Auta: Allah ya gafarta Malam, a wurinka na ji cewa Annabi (SAW) ya tsaya ya kare Nana A'isha tana kallon Habashawa suna wasa da masu, har sai da ita ta gaji.

Malam: A masallaci aka yi wancan, kuma wasan makamai ne. Kada ka ɗora mini wannan a kan wancan.

Baban Auta: Na karɓa, ba ɗaya ba ne. Abin da na ɗauka a ciki kawai shi ne yarinya na da marmarin kallo, kuma babba na iya tsaya mata. To bari in faɗa muku yadda daren ya kasance, da daɗinsa da ɗacinsa. A jikin tikiti an rubuta ƙarfe 7. Muka yi Isha a gida, muka isa wajen 9, babu kowa a dandamali sai mai saka faifai. Mawaƙa sun fi goma a jikin fosta, kuma ashe haka tsarin yake: ƙanana ne ke farawa, kowa waƙa biyu ya sauka, a tsaya gyaran na'ura, mai gabatarwa ya yi ta surutu. Wanda yara suka zo dominsa shi ake ajiyewa ƙarshe, don in ya yi da wuri fili zai watse, masu sayar da abin sha su yi asara. Ƙarfe 1 ƙafata ta fara ciwo, ga sanyin hunturu na busowa. Na ce mu tafi, ta ce Baba don Allah. Sai wajen 2 da rabi gwanin nata ya hau. Waƙa uku na bari ta ji, na ja hannunta muka fita kafin taro ya tashi. Na ji warin wiwi, ban musa ba. Akwai wata waƙa da wani ya yi da Twi da Turancin buroka wadda sai da na sunkuyar da kai, na waiga na ga ita ma ta sunkuyar. Wannan sunkuyawar ta fi mini wa'azin wata guda. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce ta ƙoshi ba. Ta ji daɗi ƙwarai, a mota ma cewa ta yi baɗi sai mun dawo.

Malam: To ka ji. Ƙofar da ka buɗe ke nan.

Goggo (Aboabo, Kumasi): Ni ba ruwana da fatawa, na bar wa Malam. Tsorona cunkoso. Ku yaran yanzu ba ku san 9 ga Mayu 2001 ba. Wasan ƙwallon Hearts da Kotoko a filin wasa na Accra, aka harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruga ƙofa, sama da mutum 120 suka mutu, da yawansu 'yan Zango. Mun yi zaman makoki a Nima, mun yi a Kumasi. Tun ranar duk inda aka ce dubban mutane sun taru ƙofa ɗaya, gabana faɗuwa yake. In turereniya ta tashi, hannun uba ba ya riƙe kowa.

Baban Auta: Goggo, wannan kam ta taɓa ni, don ina gari ranar. Shi ya sa ban yarda mun shiga gaba ba duk da naci irin nata. Gefe muka tsaya, ina ganin ƙofar fita da idona. Na nuna mata inda za mu haɗu in mun rabu, na rubuta lambata a takarda na sa mata a aljihu ko da waya ta mutu ko an zare ta.

Anti Nas: Yaya, ka yi dabara da ka tsaya nesa, amma akwai abin da ba wanda ya ambata: kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin ƙarar sauti a irin waɗannan wurare ya wuce desibel 100, kuma ko a hakan ba a so mutum ya daɗe. Ku kun yi awa biyar. In Auta ta ce kunnenta na ƙugi har yau, a kawo ta a duba. Abin toshe kunne ba shi da tsada a kantin magani. Ban ce a je ba, ban ce kada a je ba.

Ɗan Legon: Abin da manya ba sa son ji shi ne garin ya canza. Tun Shekarar Komowa ta 2019, da Ghana ta gayyaci baƙar fatan ƙetare su dawo gida, Disamba a Accra wasa ne kan wasa. A 2022 an yi wasan mawaƙa na Global Citizen a filin Black Star Square, a farkon 2023 aka sake wani babba a wurin, kyauta. Daga Nima mota ɗaya ce ko biyu. Kuma yaranmu ba baƙi suke kallo ba. Mawaƙin nan Black Sherif sunansa Mohammed Ismail, ɗan Zangon Konongo ne. Yaro na ganinsa yana ganin kansa. Ka hana shi tikiti, yana da waya, yana da abokai, yana da MoMo, kuɗin cikin waya.

Hajiya Babba: Wato tunda ruwa ya ci gari sai kowa ya tuɓe ya faɗa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ku faɗa mini, gobe in mai neman aure ya zo aka ce ai an gan ta a wasan dare, wa zai tsaya ya yi bayanin cewa da ubanta ta je?

Maman Auta: Yaya Hajiya, ni ma da farko ban so ba, mun kwana biyu ba ma magana sosai da shi a kan haka. Ban runtsa ba sai da na ji ƙarar ƙofa. Amma zancen miji a bar shi tukuna, yarinya yanzu ta shiga sakandare. Kuma ta tashi ta yi Asuba a kan lokaci, babanta ne ma sai da na tashe shi sau uku.

Malam: Ni dai matsayina bai canza ba, kuma in baɗi ta zo zan maimaita. Alhaji, ka biyo ta Fadama ranar Juma'a mu ƙarasa, akwai abin da ba na rubutu ba ne.

Baban Auta: In sha Allah, Malam. Abu ɗaya ya rage da na so in haɗiye, amma Yaya ta matsa. A wurin nan na ga yaran unguwa da na sani tun suna cikin zani, su kaɗai, ba babba ko ɗaya tare da su. Biyu na cusa a motar da na kira, na sauke su a bakin layinsu. Ba zan kama suna a nan ba.

Hajiya Babba: Iyayensu ne suka yi sake. Allah ya shirya.

Kawun Madina: Salamu alaikum, yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙo rututu. Yaya Hajiya, wace Asabar kike nufi? Yaron nan ya zo da La'asar ya ci tuwo, ya ce kin kira shi ya koma gida. Bai kwana wurina ba.

Hajiya Babba: Baban Auta, ɗaga wayarka, ina kira.