Wane suna za mu ba kyamarar "stereo" da Hausa?

Jama'a, masu harkar hoto da masu kishin harshe, ku matso mu raɗa wa wata kyamara suna. Idanunta biyu ne gefe da gefe, tazararsu kusan ta idanun mutum, kuma da dannawa ɗaya take ɗaukar hoto biyu, na dama da na hagu. In aka saka su a abin leƙawa, kowane ido ya ga nasa, sai na kusa ya taso, na nesa ya ja baya. Masanin kimiyya Charles Wheatstone ya bayyana wannan dabara a Ingila tun 1838.

"Sitiriyo" dai a cire shi daga lissafi. Kowa ya ji kalmar, kayan sauti zai tuna.

Da yawa za su ce "mai ido biyu". Yana da daɗin faɗi, amma ban yarda da shi ba. Kyamarar Rolleiflex ma ido biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya, hoto ɗaya tal take ɗauka, na saman na leƙe ne kawai. Wayoyin hannunmu ma haka, wata ido biyu gare ta, wata uku. Ga kuma kyamarar Sputnik da aka riƙa ƙerawa a birnin Leningrad na Rasha daga 1955: tana cikin waɗanda muke nema wa suna, amma idanunta uku. Mai neman tsohuwa a kasuwar intanet, in wannan suna ya riƙe, zai iya zuba kuɗinsa a kan abin da ba shi yake so ba.

Ni abin da nake kawowa shi ne kyamarar tagwaye, abin da take fitarwa kuma tagwayen hoto. Hasan da Husaini ne: sun yi kama matuƙa, amma in ka ƙura ido akwai ɗan bambanci, kuma wannan ɗan bambancin shi ke haifar da zurfin.

Mu gwada shi a magana ta gaske. A ce ƙanenka ya tambaye ka wace kyamarar tagwaye zai saya da ba za ta cinye masa aljihu ba. Sai ka ce Kodak Stereo, wadda aka yi daga 1954 zuwa 1959. Ba ta da nauyi, ba wuyar sarrafawa, har da ɗan ma'aunin ruwa a wurin leƙawa don kada hoto ya karkace. In mai jure wahala yake so, ga Stereo Realist ta kamfanin David White na Milwaukee a Amurka, ta 1947, jikinta ƙarfe. Duka biyun fim mai milimita 35 suke ci, naɗi mai ɗaukar hoto 36 na ba da tagwaye kusan 28. Sputnik kuwa fim mai faɗi da ake kira 120 take so, tagwaye 6 kacal a naɗi, kuma an san ta da yoyon haske. Ba ta ɗan koyo ba ce.

Kafin ƙanen naka ya biya, ya buɗe bayan kyamarar, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya danna. Dole idanun biyu su buɗe tare su rufe tare. In ɗaya ya makara, tagwayen za su fito ɗaya da haske ɗaya da duhu, kallonsu sai ya sa ciwon kai.

Kun ga kalmar ta shiga jimla ba ta tokare ba. Saura abin leƙawar. Ina tsakanin "maleƙi" da "madubin tagwaye", na fi karkata ga na farko. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ya kunnenku ya ji shi?