Wa ke zaɓen hoton 'yan wasa mata da jarida ke bugawa?

Uwar 'Yan Biyu, Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Ɗiyata tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma a gudun mita 200 babu mai kamo ƙafarta a makarantarsu. An zaɓe ta ta je gasa a filin wasa na Giginya. Sai babanta ya nuna mini hoton wata 'yar tsere a jarida, an ɗauko ta ta baya tana duƙe kafin a tashi gudu, ya ce ga inda abin ke ƙarewa, shi bai yarda ba. Don Allah wa ke zaɓen irin waɗannan hotuna? Namiji a nuna shi yana zura ƙwallo, mace kuwa sai jikinta ko hawayenta?

Mai Kyamara:
Hajiya, sana'ata ce. A wasa guda mai hoto kan ɗauki ɗaruruwa, edita ya zaɓi ɗaya, shi kuwa abin da zai tsayar da idon mai karatu yake nema. Dubi Tobi Amusan, 'yar tseren Najeriya. A 2022 a Oregon ta Amurka ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100, daƙiƙa 12.12. Amma abin da ya cika wayoyinmu kukanta ne ana taken ƙasa. Kuka ba aibu ba ne, sai dai hoton da take sama bisa shinge, fuska a murtuke, shi ke nuna aikin da ta sha.

Kawu, Runjin Sambo:
Mai hoto dai ba shi ya sa musu kayan ba. Abin da ya tarar ya ɗauka. Ni ina bayan maigidanki.

Malamar Wasanni:
Kawu, kayan ma sau da yawa hukumomin wasa ke tilastawa. A 2021 tarar Yuro 1,500 aka ci 'yan matan Norway masu ƙwallon hannu ta bakin teku, don kawai sun sa gajeren wando maimakon ɗan kamfen da doka ta ce. Sai 2014 FIFA ta halatta rufe kai, a 2023 kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta, hannu da ƙafa a rufe. Hajiya, nemo wannan hoton ki nuna masa. Ɗalibaina da dogon wando da hijabi suke gudu, kuma suna cin kofi.

Kawu, Runjin Sambo:
Malama, na ji. To wa zai hana wani ɗan kallo ɗaukarta da waya ya watsa a TikTok?