Wai Tamil ba ta ɗaukar babbar waƙa, sai ta sallama?

Rukayya: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga mu zama a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Jiya ƙawata ta ja ni zaman waƙar Karnatik, wato waƙar gargajiya ta kudancin Indiya, a unguwar Mylapore, tunda Disamba ta kama, Chennai ta cika da irin waɗannan zama. Mawaƙiyar na zaune a ƙasa, mai goge a gefe guda, mai gangar miridangam a ɗaya gefen. Awa biyu cur ina zaton Tamil take yi, don ni Tamil ɗina bai wuce na cinikin tumatir ba. Can ƙawata ta raɗa min cewa wannan Telugu ce, waccan Sanskirit, ita ma ba ji take ba. Sai da makaɗa suka fara nasu su kaɗai, mutane da yawa suka sulale kantin cin dosa, wata irin waina tasu, sannan aka kawo gajerun waƙoƙin Tamil uku. Wata tsohuwa kusa da ni tun farko tana bugun cinya tana ƙirga da yatsu. Ana shiga Tamil ta bar ƙirgar, leɓenta na bin baiti, har da share ido da bakin sari. A mota baban ƙawata ya ce min Tamil ba ta ɗaukar babbar waƙa, wurinta ƙarshen zama. Gaskiya ne?

Malam Sabo: Wa alaikumussalam 'yata. Dattijon nan ya san abin da yake faɗa. Kusan kowace kalmar Telugu da wasali take ƙarewa, kamar Hausa. Ki gwada jan "gida" da murya, sannan ki gwada jan "malam", za ki ji inda baki ke rufewa. Tamil cike take da kalmomin da ke ƙarewa da baƙi. Ita kuwa Karnatik jan wasali ne aikinta, ana lanƙwasa shi ana girgiza shi. Kuma ga hujja: manyan ukun da aka gina fannin a kansu, Tyagaraja da Muthuswami Dikshitar da Syama Sastri, duk a Tiruvarur aka haife su, tsakiyar ƙasar Tamil. Na farko da na uku Telugu suka fi yi, na biyu Sanskirit. Ruwa ba ya tsami banza.

Dakta Lawal: Allah ya gafarta Malam, a nan zan ɗan ja da ku. Tyagaraja bai ɗora harsuna a sikeli ya zaɓi Telugu ba. Harshen gidansu ne. Zuri'arsu masu Telugu ne da suka sauka a yankin Thanjavur, inda sarakunan Nayak, su ma masu Telugu, suka yi mulki tun ƙarni na 16. Marathawan da suka karɓe garin a shekarun 1670 ba su kori Telugu daga fada ba. Mutumin da aka haifa a 1767 ya rasu a 1847 yana yi wa abin bautarsa waƙa da harshen da ya sha a nono, shi ne za a kafa hujja da shi a hana wasu nasu?

Malam Sabo: Dakta, kada ka jingina da fada. Tyagaraja ai an san shi da gudun fada da kyautar sarki. Kuma me za ka ce da Dikshitar, wanda Tamil ne harshen gidansu?

Dakta Lawal: Sanskirit harshen ibada ne da malanta a wurinsu, Malam. Malaminmu da ya yi ƙasida da Larabci ba cewa ya yi Hausa ba ta waƙuwa ba. Batun baƙi kuma, a duba waɗanne baƙaƙe ne. Mafi yawa "m" ne da "n" da "l" da "r", waɗanda murya ke iya zama a kansu. Da Tamil ba ta reruwa, da me masu waƙar haikali, waɗanda ake kira oduwar, suke yi sama da shekara dubu? Waƙoƙin Tevaram na Appar da Sambandar da Sundarar tun tsakanin ƙarni na 7 da na 9 suke, kowace da karin da ake rera ta, wanda suke kira pan. Shekara huɗu na yi a Chidambaram, kunnena ya ji su. Ga baitoci 4000 na mawaƙan ibadar Tamil goma sha biyu da ake kira Alwar. Duk wannan kafin a haifi kakannin kakannin manyan ukun.

Nura: Ni fa ban ga abin faɗa ba. Mun taso muna rera waƙoƙin finafinan Indiya, ko "zo" ba mu sani ba da Hindi, kuma har hawaye muke. Daɗi ba shi da yare.

Hajiya Binta: Nura ƙanena, to me ya sa da aka fara fassara finafinan da Hausa kowa ya koma can? Kakata da ba ta taɓa zama kallo ba, yanzu ita ke ba mu labarin wanda ya ci amanar wane. Da can daɗi muke ji, amma rabin abin a rufe yake.

Dakta Lawal: Yaya Binta, ke da Nura kun maimaita rigimar da aka yi a Madras, wato Chennai ta yanzu, sama da shekara tamanin da suka wuce. A 1941 attajirin nan Raja Annamalai Chettiar ya shirya taro a jami'ar da ya kafa a Chidambaram, aka nemi waƙoƙin Tamil su zama su ne mafi yawa a zaman waƙa a ƙasar Tamil. A 1943 aka kafa ƙungiyar Tamil Isai Sangam a Madras. Manyan cibiyar waƙa ta Music Academy, wadda aka kafa a 1928, suka tsaya kan maganar Nura: a auna waƙa da ingancinta, a bar zancen harshe. Aka yi ta gwabzawa a jaridu. Mawaƙiya M. S. Subbulakshmi ta bi ɓangaren Tamil, ta yi shekaru ba ta hau dandalin Academy ba. Ita ce fa wadda daga baya ta yi waƙa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966.

Malam Sabo: Yawwa, ka kawo mu inda nake so. Wannan siyasa ce aka sa wa rigar waƙa. Lokacin ba a daɗe da boren ƙin Hindi na 1937 zuwa 1940 ba, ga kuma tsamar da ke tsakanin Brahmin, wato ajin malaman addinin Hindu, da waɗanda ba Brahmin ba. Academy a hannun Brahmin take, Chettiar kuwa ɗan kasuwa ne mai kuɗi. Kowa da inda yake harbi.

Dakta Lawal: Akwai siyasa, ban musa ba. Amma ba ta rabu gida biyu tsaf yadda Malam ya shimfiɗa ba. Marubuci Kalki Krishnamurthy, wanda alƙalaminsa ya fi na kowa zafi wajen kare Tamil, Brahmin ne. Rajagopalachari, shugaban gwamnatin Madras lokacin da boren ya fara, shi ma Brahmin ne, kuma shi ne fa ya tilasta Hindi a makarantu har aka yi boren, amma a batun waƙa yana tare da masu Tamil. Tun kafin su, mawaƙi Subramania Bharati, da ya rasu a 1921, ya koka kan mawaƙan da ke maimaita waƙoƙi da harshen da su da masu saurarensu ba sa ji.

Rukayya: Baba Sabo, ni abin da ya tsaya min shi ne tsarin zaman. Wa ya ce sai a ƙarshe? Ƙawata ta ce sunan waɗannan gajerun waƙoƙin tukkada, wai guntu ko gutsure.

Malam Sabo: Tsarin da kika gani ana danganta shi ga Ariyakudi Ramanuja Iyengar, wanda ya rayu daga 1890 zuwa 1967. A buɗe da warnam don wasa murya, a jero waƙoƙin da ake kira kiriti, a zo babbar waƙa inda za a baje raga, wato tsarin karin da ake gina waƙa a kansa, makaɗa su yi nasu, sannan a sallami jama'a da guntaye. Kafin a ce ya tsani Tamil, shi ne ya ɗora wa baitoci 30 na Andal, mace ɗaya cikin Alwar ɗin nan, karin da mawaƙa ke bi yau, waɗanda ake rerawa a wannan watan na Margazhi na kalandar Tamil da kike ciki. Bari in gyara maganata, don kada Dakta ya ci ni da tarihi. Ban ce waƙen Tamil ba shi da kyau ba. Cewa nake, waƙe daban, kiriti daban. Kiriti an gina ta ne tare da karinta, kalmomi kaɗan, fili mai yawa, yadda mawaƙi zai yi rabin awa a cikinta. Tsohon baitin Tamil kuwa a cushe yake da kalmomi da ma'ana, ba inda za ka miƙe ƙafa. Da yawansu ma karinsu na asali ya ɓace, na baya ne suka ɗinka musu. Riga ce ta aro.

Dakta Lawal: Wannan ta fi ta wasali ƙarfi, na yarda da rabinta. Waƙoƙin Muthu Thandavar da Marimutha Pillai da Arunachala Kavi, waɗanda suka riga manyan ukun, akasarinsu da karin baya ake rera su, saboda ba su sami jerin almajirai masu riƙewa kamar na Tyagaraja ba. Amma wannan rashin magada ne, ba laifin harshe ba. Da Papanasam Sivan ya zo, shi ma haihuwar 1890, ya zuba kiriti da Tamil masu nauyin da ake yin babbar waƙa da su, har ake masa laƙabi da Tyagarajan Tamil. Ita kanta Academy ta ba shi lambarta mafi girma a 1971. Cushewar ma tana da nata gidan. Akwai wirutam, inda mawaƙi ke ɗaukar baiti ba kiɗa, ya rera shi layi-layi, yana sauya raga yadda ma'ana ta juya. Ina kyautata zaton shi ne ya sa tsohuwar Rukayya kuka. In kuma lissafin kiɗa ake so, a je wa Arunagirinathar na ƙarni na 15, kalmominsa kansu ganga ne.

Hajiya Binta: Ni tambayata ɗaya. Rukayya ta taɓa ce min akwai inda mawaƙi ke ɗaukar layi guda ya yi ta juya shi. In ba ya jin harshen, ta yaya ya san inda zai yanke numfashi?

Rukayya: Nirawal ake ce masa, Anti. Wata 'yar ajinmu daga Andhra ta ce wani lokaci dariya ke kama ta, don sai a raba kalmar Telugu gida biyu a tsakiya, ma'anar ta watse, jama'a kuma na tafi.

Malam Sabo: Wannan ragwancin mawaƙi ne. Ya je ya koyi Telugu. Ba a rushe gida don mai shara bai iya ba.

Dakta Lawal: Shi ya koya, Malam. Mutum ɗari biyar da suka sayi tikiti fa? Kuma yanzu an wuce gardama a baki. Sanjay Subrahmanyan na yin zama sukutum da Tamil zalla, daga buɗewa har babbar waƙa, zaure na cika. T. M. Krishna na rera baitocin Perumal Murugan, marubucin da yake raye yau, wasu ma ba na ibada ba ne.

Malam Sabo: Ranar da aka daina tallata shi a matsayin zama na musamman, ka zo mu yi magana. Abin da sai an buga masa ganga an ce "yau Tamil ce", ai bai zama tuwon gida ba tukuna.

Rukayya: To Asabar ɗin nan akwai zama a zauren Raja Annamalai, kusa da babbar kotu, inda Tamil Isai Sangam ke nata na Disamba. Na ce wa ƙawata mu je, har da babanta.

Nura: A can ma akwai kantin dosar?

Malam Sabo: Rabu da Nura, 'yata. Ki tafi da agogo. Guntayen ƙarshe ba su dame ni ba. Ki duba min babbar waƙar: ta wane ne, minti nawa aka yi a cikinta, kuma a wane layi aka tsaya aka yi nirawal. Dattijon kuma ki zauna kusa da shi, ki ga ko hannunsa na ƙirga.