Wane sashe na titin tsere ne ya fi burge ku a wasannin tseren motoci?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Tambayata ga masu buga wasannin tseren motoci ce, musamman Gran Turismo 7, wanda kamfanin Polyphony Digital na Japan ya gina, aka kuma fitar a watan Maris na 2022, ko da yake ban rufe ƙofa ga masu buga wasu wasannin ba. A shagon gem ɗin da muke haɗuwa a nan Aboabo, gardama ba ta wuce wace mota ce ta fi gudu da kuma wane ne ya gama zagaye cikin ƙanƙanin lokaci, amma ba kasafai ake maganar titin kansa ba, alhali kuwa waɗanda suka gina wasan sun sha wahala wajen auna kowane tudu da kowace gangara domin su yi daidai da na ainihi. Wane sashe ne, ba titin gaba ɗaya ba, wanda idan kun iso gare shi kuke jin daɗi a ranku? Kuma kyawun wurin ne yake jan ku, ko daɗin tuƙin?

Ni dai nawa yana Suzuka da ke Japan, titin da kamfanin Honda ya gina a 1962 domin gwajin motocinsa, mai tsawon kilomita 5.8. Ina nufin jerin kwana-kwanar nan da ke biye wa kwana ta biyu, inda mota take karkata hagu, ta koma dama, ta sake yin hagu tana hawa tudu, har a gangaro ta kwanar Degner a shige ƙarƙashin gada, inda titin ya haye kansa.

Makanikin Suame ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta yi kyau, sai dai a ganina ka raba abubuwa biyu da ba su rabuwa. A titin tsere na ƙwarai, bishiya da dutse da shinge ba ado ba ne, su ne suke gaya wa direba inda zai taka birki da inda zai juya sitiyari, kamar yadda direban trotro da ya saba da hanya yake gane ya kusa rami idan ya hango wani mangwaro ko wani kiyos, tun kafin ramin ya bayyana.

Misali mafi sauƙi shi ne kwanar da ake kira Corkscrew a titin Laguna Seca da ke Kalifoniya. Mota tana hawa tudu har ta kai ƙololuwa ba tare da direba ya ga abin da ke gabansa ba, sai titin ya yi hagu, nan take ya yi dama, ya kuma faɗa ƙasa kimanin mita 18 cikin tazarar da ba ta kai mita 140 ba. Tun da hancin mota ya rufe kwalta a daidai wannan lokacin, direbobi na ainihi sukan saita motar ne da wata bishiya da ke tsaye a gaba, kuma wannan dabarar tana aiki a cikin wasan. To ka ga bishiyar nan ta tashi daga abin kallo, ta zama kayan aiki.

Amma sashen da ya fi kwanta mini a rai yana Nordschleife, tsohon titin Nürburgring da ke cikin duwatsun Eifel a Jamus, wanda aka buɗe a 1927. Tsawonsa kilomita 20.8 ne, kuma tsakanin wuri mafi tudu da mafi kwari akwai kimanin mita 300, shi ya sa tsohon zakaran tseren Formula 1 Jackie Stewart ya yi masa laƙabi da koriyar jahannama. Akwai wata gangara a cikinsa da ake kira Fuchsröhre, inda daji ya matse titin ta ɓangarorin biyu, mota ta gangara tana ƙara gudu da kanta, har ta isa ƙasan kwarin inda nauyinta duka yake danne sifirin, sannan titin ya miƙe sama kai tsaye zuwa kwanar hagu. Wanda ya taɓa kwance ƙafar mota ya san abin da irin wannan dannawa take yi wa shokoba. A ƙasan kwarin taya tana kama kwalta sosai domin nauyi ya hau kanta, amma da zarar an fara hawa, motar ta yi sauƙi, birkin da ka taka a can ƙasa ba irinsa za ka taka a sama ba. Duhun bishiyoyin da kuma hasken da ke buɗewa a saman tudun su ne suke sanar da ni cewa lokacin sassauta totur ya yi.

Sai kuma Karussell, kwanar nan mai karkataccen daɓen kankare a cikinta, wadda ake jefa mota a ciki tana karkarwa har sai an fito. Idan aka kunna ruwan sama a wasan, titin Nordschleife yakan jiƙe a wani ɓangare ya bushe a wani saboda tsawonsa, kuma a hankali layin da motoci suke bi yakan riga sauran kwaltar bushewa, don haka launin kwaltar ma labari ne ga mai lura.

'Yar Asawase ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina neman izinin in saɓa maka kaɗan. Abin da ka bayyana gaskiya ne, sai dai alamomin hanya ka lissafa, ba kyawun wuri ba. Wanda yake gudun kilomita 250 a awa idonsa yana kan kwalta da madubi, ba ya ganin gidan sarautar Nürburg da ke saman dutse, kuma ba ya karanta rubuce-rubucen da 'yan kallo suka yi da fenti a kan titin. Ni sai bayan an gama tsere nake ganin wuri, lokacin da wasan yake sake nuna tseren daga idon kyamarorin gefen hanya, ko kuma idan na tsayar da hoton ina neman kusurwar da rana ta faɗa a jikin mota yadda nake so.

Wannan ne ya sa na fi karkata ga wasan Forza Horizon 5, wanda ya fito a Nuwamban 2021, aka kuma gina shi a kan ƙasar Meziko. A can babu shingen da ya tilasta wa mutum bin zagaye ɗaya. Sashen da na fi so shi ne saukowa daga saman dutsen nan mai aman wuta, domin hanya guda ce take ratsa yanayi daban-daban, ta fara daga fako mai sanyi a sama, ta yi ta naɗewa a jikin dutsen, ƙasa tana buɗewa a gabanka har ido ya gaji. Daga nan nakan wuce Guanajuato, garin da gidajensa suke da launi kala-kala a jikin tudu, wanda wasu titunansa suka bi ta ƙarƙashin ƙasa kamar yadda suke a ainihin garin. Shiga ramin nan daga hasken rana, ƙarar injin ta cika kunne, sannan a ɓullo cikin lungu mai fenti ja da ɗorawa, ya fi mini kowace nasara.

A Gran Turismo 7 kuwa abu ɗaya ne yake sa in manta da tsere ina cikin tsere, wato ketowar alfijir a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne ta titin Le Mans da ke Faransa, lokacin da fitilun mota suka fara rasa amfani.

Ɗan Nima ya amsa:

Gaisuwa gare ku daga Accra, mutanen Kumasi. Yaya 'Yar Asawase, akwai wurin da maganarki da ta Baba suke haɗuwa, kuma shi ne saman dutsen Mount Panorama da ke Bathurst a Ostireliya. Titin nan mai tsawon kilomita 6.2 hanyar jama'a ce a ranakun da babu tsere, akwai gidajen mutane a gefensa, kuma dokar gudu a kansa kilomita 60 ce a awa. Daga ƙasa zuwa sama akwai tazarar mita 174. Ana hawa ne tsakanin katangun kankare guda biyu da suka matse hanya, ba a ganin komai sai bango da rassan bishiya, har a kai wurin da ake kira Skyline. A nan ne ƙasa take ɓacewa a gaban mota, kwarin Bathurst gaba ɗaya ya shimfiɗu a ƙasa, kuma wannan buɗewar da ta fi komai kyau ita ce gargaɗin cewa titin zai faɗa cikin kwana-kwanar da ke kai mutum kwanar Dipper, inda kuskure ɗaya tak yake haɗa mota da bango. Ba zai yiwu a ce ba a ganin wurin ba, domin sararin ne yake cika gilashin mota, kuma ba zai yiwu a ce ado ne kawai ba, domin wanda ya tsaya kallonsa ya makara da birki.

Bayan an fito daga kwanar Forrest's Elbow sai a samu Conrod, miƙaƙƙiyar gangara mai kusan kilomita 2, inda mutum yake samun damar sakin numfashi ya kuma dubi gonakin da ke gefe.

Abin da ke damuna shi ne Afirka ba ta da rabo sosai a waɗannan wasanni. Titin Kyalami da ke kusa da Johannesburg, inda aka yi tseren Formula 1 na ƙarshe a nahiyar a 1993, yana cikin wasan Assetto Corsa Competizione, amma ba ya cikin Gran Turismo 7.

Ɗalibin Tafo ya amsa:

Ina so in ƙara abu guda da ba a ambata ba, wato inda mutum ya ajiye kyamara. Mai kallon motarsa daga baya yana ganin sama da duwatsu da yawa, amma tudu yakan baje masa, ya zama kamar fili. Mai zama cikin motar kuwa rabin abin kallo ya ɓace masa a bayan sitiyari da ginshiƙan gilashi, sai dai shi ne yake jin tsayin wuri. Ku gwada kwanar Eau Rouge da ta Raidillon a titin Spa da ke Beljiyam ta hanyoyin biyu. Daga baya kwana ce mai sauri kawai, amma daga cikin mota titin yakan tashi tsaye a gabanka, ba ka ganin komai a samansa sai kawunan bishiyoyin dajin Ardennes. Ina zargin cewa Baba daga cikin mota yake tuƙi, Yaya kuma daga baya, kuma wannan ne rabin saɓaninsu.

Makanikin Suame ya sake amsawa:

Zarginka daidai ne, yaro, daga cikin mota nake tuƙi, kuma 'yata ta Asawase tana da gaskiya cewa akwai abin da ba a gani sai an tsaya.

Game da maganar Afirka, wanda yake son ganin ƙasa irin tamu ya nemi wasannin tseren daji. Safari Rally na Kenya, wanda aka fara a 1953, ya fita daga gasar duniya bayan 2002 ya kuma dawo a 2021 a yankin Naivasha, yana cikin wasan EA Sports WRC na 2023. A can babu kwalta, sai jar ƙasa da duwatsu da wata lallausar ƙura da suke kira fesh-fesh, wadda take haɗiye ƙafar mota, kuma canjin launin ƙasa shi ne abin da direba yake karantawa. Da masu gina wasanni za su zo Ghana, ni hanyoyi biyu zan nuna musu. Ta farko ita ce hawan dutsen Kwahu daga Nkawkaw, inda hazo yake sauka a kan kwana da safe. Ta biyu ita ce gangarar da ta tashi daga Kuntanase zuwa Abono a bakin tafkin Bosomtwe, domin tafkin yana cikin ramin da wani dutse da ya faɗo daga sararin samaniya ya haƙa ne, hanyar kuma dole ta sauka daga bakin ramin tana naɗewa, ruwan yana bayyana yana ɓuya tsakanin bishiyoyi.

Kai kuma Ɗan Aboabo, idan kana son ka gane sashen nan naka na Suzuka da kyau, ka kashe layin da wasan yake zanawa a kan titi da alamar birki da yake nunawa, domin muddin suna kunne idonka ba zai bar su ba. Sannan ka ajiye manyan motocin tsere ka ɗauki ƙarama irin Mazda Roadster, ka bi kwana-kwanar a giya ɗaya ba tare da canji ba. Ka lura da inda jan fenti da farin gefen titi suke farawa a kwanar farko ta jerin, domin idan ka shiga ta da faɗi, ta biyu da ta uku duk za su ƙwace maka, kuma za ka isa kwanar Dunlop da ke bayan jerin motarka tana gefen da bai kamata ba.