Neman shawara: Kalaba, Jos ko Bauchi, ina za mu kai yara hutun Disamba?

Maman Yara Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Maigida ya samu hutun aiki a watan Disamba, ya zo daidai da hutun makaranta, ya ce bana yana so mu fita wani gari haka kawai, ba biki ba ta'aziyya. A Kano muke. Mu shida ne: ni da shi, yara uku, babbar shekararta 11, autan 4, sai Hajiyarsa da ta ce ƙafarta ƙafarmu. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, sanyi kuma yana tayar mata da tari. Naira 600,000 ya ware, da motarmu za mu je, kwana biyar ko shida.

Inda muka kasa daidaitawa shi ne garin. Shi Kalaba yake so, saboda hotunan kanibal, bikin fareti da rawa na ƙarshen shekara, da na wurin shaƙatawar tsaunin Obudu da yake gani a waya. Ni Jos nake so, tun ina yarinya nake jin labarinta. Yara kuwa tun da malaminsu ya ba su labarin Yankari ba su da magana sai giwa. Wanda ya san wuraren nan ya taimaka mana, Allah ya saka da alheri.

Direban Dogon Zango:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ba Alhaji haƙuri ya cire Kalaba daga lissafin bana. Daga Kano ta haura kilomita 1,000, ta Lafiya da Makurɗi da Ogoja da Ikom, kuma ba hanyar da mai iyali zai bi da dare ba ce. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, me ya rage a cikin shidan? Kafin ku kai Makurɗi Hajiya Babba ta fara tambayar wa ya kawo wannan shawara. Sannan Obudun da yake gani ba a Kalaba yake ba. Jiha ɗaya ce dai, Kuros Riba, amma shi yana can arewacin jihar, kusa da Binuwai da iyakar Kamaru, tsakaninsu wata tafiyar ce ta daban mai cin wuni. In kuma jirgi kuka ce, tikitin mutum shida kaɗai ya tashi da kuɗin nan.

Mazaunin Bogobiri:
Direba ya faɗi gaskiya, amma kada a ɓata mana gari. Kalaba wuri ne mai tsabta da natsuwa, kuma Bahaushe ba ya baƙunta, unguwarmu Bogobiri akwai masallaci, akwai tsire, Hausa za ki ji ko'ina. Akwai gidan tarihin cinikin bayi a bakin ruwa wanda ya kamata kowane ɗan ƙasar nan ya gani. Sai dai Disamba ba watan zuwa da iyali ba ne. Tun da aka fara kanibal a 2004, zamanin gwamna Donald Duke, ƙarshen shekara kuɗin masauki tashi yake, a rufe manyan tituna ranar fareti, cunkoso ya hana sakat. Kuma ni dai ba zan so in tsaya kallon shigar masu rawar nan ina kusa da mahaifiyata ba, Alhaji ya yi wannan tunanin da kansa. Ku bari wani lokaci ku zo ku biyu.

Anti 'Yar Jos:
Ƙanwata, ki zo Jos kawai. Yara za su ga abin da babu a Kano: duwatsu jibge a kan juna, tsaunukan Shere, tafkunan da haƙar kuza ta bari. Gidan tarihin Jos tun 1952 yake, a nan za su ga mutum-mutumin yumɓu na Nok da ake karanta musu a makaranta. A gefensa an gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Ku 'yan Kano sai ku zo Jos ku ga ganuwarku a tsaye, tun da ta gida kun bari tana zubewa. Akwai kuma gandun namun daji a cikin gari, ba sai kun yi nisa ba. Ranar komawa ki shiga kasuwar Farar Gada ki cika bayan mota da dankalin turawa da kabeji da karas, ki raba wa maƙwabta tsaraba.

Maman Yara Uku:
Anti kin taɓo mu, Allah ya ba mu haƙuri. To sanyin fa? Da kuma maganar zaman lafiya, don shi ne abin da maigida yake kawo min duk lokacin da na ambaci Jos.

Ɗan Filato:
Madam, ni Kirista ne, a Jos aka haife ni, bari in gaya miki yadda abin yake ba ɓoye-ɓoye. Tun rikicin 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, garin ya rabu, akwai unguwannin da Musulmi suka fi yawa, akwai na Kirista. Kullum muna cuɗanya a kasuwa da ofis da asibiti, baƙi suna shiga suna fita lafiya. Abin da nake gaya wa kowane baƙo, ko wane addini yake yi: ka sauka a inda ka san mutane, ka samu ɗan gari ya zaga da kai, kada ka bi taswirar waya cikin lungunan da ba ka sani ba, ka koma masauki kafin dare ya yi nisa. In kuka kama masauki wajen titin Bauchi ko kusa da babban masallaci, sallah da abinci ba za su ba ku wahala ba. Ƙauyuka na nesa kuma ku bar su sai da wanda ya san halin da ake ciki a makon. Kuna zuwa ku neme ni a nan, ƙanina zai raka ku gidan tarihi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni ta Hajiya Babba nake ji. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10, ga iskar hunturu. Mai tarin da sanyi ke tayarwa da mai ciwon gaɓoɓi, kwana biyar a nan ba hutu ba ne a wajenta. In dole sai kun je, kwana ɗaya ko biyu, a tabbatar ɗakin yana da ruwan zafi, a tafi da rigunan sanyi da safa da bargo na gida, magungunanta kuma a jakar hannu, ba a bayan mota ba. Autan ma a rufe masa kai da ƙirji.

Baban Bauchi:
'Yata, yaranki sun fi ku gaskiya. Ku yi Bauchi. Daga Kano ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, in kun fita bayan asuba kuna cin abincin rana a garin. Ku kwana, da safe ku ci masar Bauchi da miyar taushe, ku kai yara kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Akwai ɗan ɗakin da aka ajiye kayansa, babbar taki za ta ƙaru. Hajiya ma a zamaninsu ta tashi, za ta so ta yi masa addu'a.

Yankari kuma kilomita ɗari da 'yan kai ne daga cikin gari. Hanyar Gombe za ku ɗauka, a Dindima ku karya dama, har ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar ma akwai sauran tafiya a cikin daji kafin sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, don haka kada ku isa da yamma liƙis. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, a 2006 ya dawo hannun jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Abin da ya sa na ce ya dace da ku shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Da sanyin safiyar Disamba ba abin da ya kai shi daɗi. Hajiya ta zauna a baki ta tsoma ƙafafunta. Sai dai akwai matakala masu ɗan yawa kafin a sauka wurin, a riƙe ta a hankali, kada a gaggauta mata.

Yanzu maganar giwa, don kada yara su kama ki da alkawari. Ba gidan zu ba ne, daji ne. Giwayen suna nan, suna cikin garken da suka rage a ƙasar nan, amma ganinsu sa'a ce. A Disamba ciyawa ba ta gama faɗuwa ba, ruwa kuma bai ƙafe a cikin daji ba, dabbobi a warwatse suke. Sai wajen Fabrairu zuwa Afrilu suke taruwa a bakin kogin Gaji, lokacin kuma zafi ya tsananta, makaranta tana ci. Abin da kusan tabbas za ku gani: gwanki, gwambaza, kada, tsuntsaye iri-iri, wataƙila ɓauna da dorina. Gadu da gwaggon biri kuwa har ƙofar ɗaki. Ku shiga motar zagaye ta sassafe, ta fi ta rana. Ki ce wa yaran za a je neman giwa, kada ki ce za a je ganinta.

Maman Ikram:
Baba ya gama magana, ƙari biyu kawai daga ɓangaren mata. Birran wurin ba su da kunya ko kaɗan, leda a hannun yaro fizgewa suke, ƙofa ko taga a buɗe kuwa sun shiga. Kada autan ya riƙe biskit a waje. Na biyu, wurin wankan maza da mata haɗe yake, in kina so ku shiga da 'yarki cikin sutura ba idon jama'a, ku sauka da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye. Kuma ku je kafin 20 ga wata, a tsakiyar mako. Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara wurin cika yake maƙil, ɗaki sai wanda ya riga kamawa. Ki yi dambun nama da cincin da soyayyen yaji daga gida, ku sayi ruwan roba a Bauchi, ku riƙe tsabar kuɗi don sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a daji.

Mai Faɗar Gaskiya:
A wannan marrar, 600,000 a je kallon biri? Ku sayi buhunan abinci ku ajiye, ku kai yara gidan zu na Kano, akwai giwar ma.

Anti 'Yar Jos:
Malam, shawarar gari ta nema, ba ta kasafin gida ba. Mutumin da ya ware kuɗin fita da mahaifiyarsa ai bai bar gidansa ba hatsi ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, ko da ba bana ba, ku sa Damagaram cikin niyya. Ta Daura da Matamai mun fi Jos kusa da ku. Ku ga fadar Sultan da tsohuwar unguwar Birni da gidajen ƙasa masu zane, garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai. Lokacin hawan salla ya fi armashi. Sai dai canjin naira zuwa sefa zai rage muku ƙarfin guzuri, kuma tun da ƙasarmu ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 gara a tambayi takardun da ake nema a iyaka kafin a taso.

Maman Yara Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida duka, da ya ji maganar Mazaunin Bogobiri dariya ya yi ya ce a bar Kalaba. Mun tsaya a kan kwana ɗaya Bauchi, biyu Yankari, sannan mu gangara Jos kwana ɗaya in jikin Hajiya ya yarda. Ita da ta ji ruwan ɗumi har ta ce a nemo mata zanen wanka. Tambaya ta ƙarshe ga Direba: daga Jos mu koma ta Bauchi ne ko akwai hanya mafi kusa?

Direban Dogon Zango:
Bauchi zuwa Jos ba nisa, wajen kilomita 130 ne ta Toro. Komawa gida ta Saminaka da Tudun Wada ta fi gajarta, amma tana ratsa dajin Falgore. Ranar da za ku taso Alhaji ya leƙa tasha ya tambayi direbobin Kano da suka shigo da safen nan yadda hanya take. In sun ce lafiya, ku bi ta da hantsi, kuna tafe kusa da wasu motoci. In sun yi jim, ku zagaya ta Ningi, ƙarin mai ne kawai. Ya duba tayar safaya da jak tun daga gida, kuma ya cika tanki a Bauchi kafin ku shiga Yankari.