Ciwon yatsan Baba ya ƙi warkewa, an ce jini na gudu amma ƙahwa sanyi

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Baba shina da ciwon suga shekara 14, sati shida ke nan ƙaya ta soke shi ga babban yatsan ƙahwa har yau wurin bai kame ba, gefen ma ya fara baƙi. Munka kai shi wani asibiti anka ɗaura mishi abin awon hawan jini ga hannu da idon sawu, takarda ta nuna ABI (lambar da ke kwatanta matsin jinin idon sawu da na hannu) 1.5, mai awon ya ce lahiya lau. To ni in na taɓa ƙahwar sanyi kamar randa, da dare kuma sai ya sauko da ita daga gado kan zogi ya bar shi ya yi barci. Mi ke faruwa?

Nas Arkilla:
Wa alaikumus salam, Allah ba Baba lahiya. Ɗan uwa 1.5 ba albishir ba ne fa. Daidai shi ne wajen 1.0 zuwa 1.3, ƙasa da 0.9 hanyar jini ta tsuke, in ya haura 1.4 kuma jijiyar ce ta ƙandare da kalsiyam, abin awon bai iya matse ta sai lamba ta hau, kuma masu tsohon suga sun fi kowa wannan. Ku roƙi a auna ga yatsa, don jijiyoyin yatsa ba su cika ƙandarewa ba. TBI, wato kwatanta matsin jinin yatsan ƙahwa da na hannu, ƙasa da 0.7 akwai matsala, matsin jinin yatsa ƙasa da 30 kuwa ciwo da wuya ya warke sai an buɗe ma jini hanya. Akwai kuma TcPO2, ɗan maɓalli ake manna ma fata kusa da ciwon, ya ɗumama ta, ya auna oksijin da ƙananan jijiyoyi ke kawowa, ba ko'ina ake samu ba dai. Wanga zogin dare da baƙin nan su sunka fi tada min hankali, a nemi takardar turawa UDUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, yau ko gobe, ba sati mai zuwa ba.

Maman Biyu:
Mu da Inna abin da likita ya koya mana, ka danna farcen yatsa ya yi fari ka saki, cikin daƙiƙa 2 zuwa 3 ya kamata ja ya dawo. Sai da munka hana ta lalle don rufe komi yake ba ka ganin launi, ranar an sha faɗa wallahi.

Nas Arkilla:
Haka ne Maman Biyu, amma gwajin farce ɗan haske ne kawai, sanyin hunturu ma na jinkirta shi. Kuma don Allah kada a kai mishi kaskon wuta ko ruwan zafi wai a ɗumama ƙahwar, yana iya ƙonewa bai ji ba.

Ɗan Mabera:
Innalillahi, jiya ma anka gasa mishi da ruwan zafi. Yanzu zan kira gida a daina, gobe da sassafe in sha Allah muna hanya.